Daga Ɗan Aike Zuwa Ƙarfen Sabis: Tarihin Rage Jinkirin Saƙo Tsakanin Ƙasar Hausa da Gadarif

1.0 Gabatarwa

Simsim yanki ne na manyan gonaki da ke kudu da birnin Gadarif, a gabashin ƙasar Sudan, ba da nisa sosai da iyakar Habasha ba. Sunan kansa kalmar Larabci ce mai ma'anar riɗi, kuma riɗi da dawa su ne manyan abubuwan da ake nomawa a baƙar lakar wannan yanki. An fara noma da injuna a ƙasar Gadarif a tsakiyar shekarun 1940. A 1968 aka kafa hukumar noman injuna ta Sudan, kuma a wannan shekara ce Bankin Duniya ya ba da rancen buɗe gonakin Simsim. Hausawa na daga cikin al'ummomin da suka daɗe a jihar Gadarif, suna noma da ƙwadago da kasuwanci.

Duk manomin riɗi ya san cewa riɗi ba ya jira. Da zarar ya nuna, kwanaki kaɗan gare shi a yanke shi, in ba haka ba kwansonsa ya fashe, ƙwayar ta zube ƙasa. Saboda haka mai gona da ke zaune a birnin Gadarif yana bukatar labarin gonarsa da wuri, ma'aikaci yana bukatar sanin inda ake neman hannu, ɗan kasuwa kuma yana bukatar farashi tun bai canja ba. Hanyoyin yankin kuwa laka ce mai riƙe mota idan damina ta kankama. A irin wannan wuri, jinkirin saƙo asara ce da ake iya aunawa da buhu.

Wannan takarda za ta bi tarihin yadda aka yi ta ƙoƙarin rage jinkirin saƙo tsakanin ƙasar Hausa da gabashin Sudan, da kuma cikin Sudan ɗin kanta. Za a ga cewa dabaru biyu ne ake ta juyawa tun can. Ta farko ita ce a ƙara wa ɗan aike sauri. Ta biyu ita ce a matso da abin da ake aikawa nema, ko hukunci ne ko labari ko kuɗi, kusa da mai bukata, yadda ba sai an yi dogon aike ba. Masana kimiyyar sadarwa na wannan zamani sun mayar da hankali a kan dabara ta biyu, inda suke girka ƙananan kwamfutoci a gindin ƙarafan sabis domin su sarrafa bayanai a kusa. A nan za a kira wannan tsari da "zangon bayanai", kuma dalilin zaɓen sunan zai fito a gaba.

2.0 Zamanin Ƙafa da Zango

Daga Kano zuwa Gadarif kusan kilomita 3,000 ne a miƙe. Idan aka ɗauka ayari yana cin kilomita 25 a yini, to tafiyar kwana 120 ke nan ba hutu, ba ciwo, ba damina. Amma alhazan ƙasa, waɗanda mutanen Sudan ke kira Takari ko Fallata, ba haka suke tafiya ba. Sukan bi ta Borno da Wadai da Darfur da Kurdufan, suna yada zango su yi noma ko ƙwadago su sami guzuri, sannan su ci gaba. Tafiyar takan ɗauki shekaru, wasu kuma a hanya suka yi aure suka hayayyafa. Wasiƙar da aka ba irin wannan matafiyi tana tafiya ne da saurin rayuwarsa. Ana iya aiko da albishir ɗin haihuwa, kafin ya isa an yaye yaron.

Mutanen wancan zamani ba su zauna sun naɗe hannu ba. Wata dabararsu ita ce a rubuta wasiƙa ɗaya sau biyu ko uku, a ba matafiya daban-daban, duk wanda ya riga isa shi ke nan. Wata kuma, wadda ta fi muhimmanci, ita ce zango. A manyan garuruwan hanya akan sami unguwar Hausawa da shugabanta, wanda ke sauke baƙi, ya san wanda ya wuce da wanda ya rasu da wanda ya ratse zuwa wani ƙauye. Mai neman ɗan'uwansa ba sai ya aika Makka ko Sakkwato ba, sai ya tambaya a zango mafi kusa. Wato zango rumbun labari ne da aka ajiye a bakin hanya.

Sha'anin mulki ma haka ya bi. An sha kwatanta faɗin daular Sakkwato da tafiyar wata huɗu daga yamma zuwa gabas. Ba yadda za a yi kowace ƙara ta je gaban Sarkin Musulmi. Shi ya sa aka ba da tutoci, kowane sarki ya yanke hukunci a ƙasarsa da alƙalansa, manyan al'amura kawai, kamar naɗin sarauta da rikicin iyaka, ke zuwa Sakkwato ko Gwandu.

Misalin da ya fi dacewa da batunmu shi ne na Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Muhammadu Ahmad ya bayyana kansa a matsayin Mahadi a Sudan a 1881. Hayatu, wanda ya zauna a Balda ta ƙasar Adamawa, ya aika masa da wasiƙar mubaya'a, shi kuma Mahadi ya mayar da amsa ya naɗa shi wakilinsa a ƙasashen yamma. Naɗin nan amincewa ce da cewa nisa ya fi ƙarfin umarni na yau da gobe. Mahadi ya ci Khartum a Janairun 1885, ya rasu a Yunin wannan shekara, watanni biyar kacal tsakani, wanda bai wuce tsawon tafiyar wasiƙa ɗaya da amsarta ba, in ma ya kai. Hayatu ya ci gaba da gudanar da al'amuransa da ra'ayin kansa har aka kashe shi a 1898.

Bayan da aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru ɗan Ahmadu a Burmi a Yulin 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a zuwa gabas, suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar wajen 1906. Garin ya zama babban zango. Daga irin waɗannan matsugunai ne jama'ar yamma suka bazu zuwa gonakin audugar Jazira bayan kammala madatsar ruwan Sinnar a 1925, da kuma filayen Gadarif.

3.0 Waya

Wayar tangaraho ta isa Khartum wajen 1870, a zamanin mulkin Turkawan Masar. A karon farko saƙo ya rabu da ƙafar mutum da kofaton doki. Sai dai rauninta ya bayyana da wuri. A Maris na 1884 mayaƙan Mahadi suka yanke wayar da ta haɗa Khartum da Alƙahira, Gordon ya koma dogaro da 'yan aike masu ratsa sansanin abokan gaba a ɓoye. Zare ɗaya aka tsinka, birni guda ya kurmance. Yana da kyau ɗalibi ya riƙe wannan, domin za mu sake cin karo da irinsa bayan shekara 140.

A Arewacin Nijeriya wayar ta biyo sawun sojojin Turawa ne daga Ikko, layin dogo kuma ya isa Kano a 1911. A Sudan dogo ya isa Kasala a 1924, ya isa Gadarif a 1928. Amma an shimfiɗa waya da dogon nan ne don hidimar mulki da fitar da amfanin gona, fuskarsu na kallon bakin teku, ta Nijeriya tana kallon Ikko, ta Sudan tana kallon Fot Sudan da Alƙahira. Hanyar alhazai, wadda ta ratsa Afirka daga yamma zuwa gabas, ba ta cikin lissafin. Jirgin sama ne ya ɗan gyara wannan. A ranar 1 ga Nuwamba, 1925, jiragen sojan Ingila uku da suka taso daga Masar ta Sudan suka sauka a Kano, kuma a Fabrairun 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara jigilar wasiƙu tsakanin Khartum da Kano ta Al-Fashir da Junaina da Fot Lami da Maiduguri. Tafiyar watanni ta koma ta kwanaki ƙalilan, ga wanda ya iya rubutu, yake da kuɗin kan sarki, kuma yake da adireshi. Mai yankan riɗi a tsakiyar daji ba shi da ko ɗaya daga cikin ukun nan sau da yawa.

Abin da ya fi isa gare shi shi ne rediyo da kaset. Sashen Hausa na BBC ya fara watsa shirye-shirye a ranar 13 ga Maris, 1957, kuma gajeren zango ba ya tambayar iyakar ƙasa. Rediyo dai magana yake ba ya sauraro. Kaset ɗin saƙo, wanda mutum kan zauna ya yi gaisuwa da bayani da muryarsa ya ba mai tafiya, ya kawar da matsalar rubutu, amma ya koma tafiya da saurin mota.

Ga ɗalibin harshe akwai abin lura a nan. Kalmar "waya" aro ce daga Ingilishi, asalin ma'anarta zaren ƙarfe. Daga nan aka sami "buga waya" da "gidan waya". Da aka zo da na'urar da ba ta da zare, sai Bahaushe ya ce "wayar iska", daga baya "wayar salula" da "wayar hannu" da "tafi-da-gidanka". Yau idan aka ce "waya" kawai, abin da ba shi da waya ko kaɗan ake nufi. Haka kuma "daƙiƙa": a Hausar kafafen watsa labarai ta Nijeriya tana nufin sakan, a Larabci kuwa minti take nufi. Bakano da Bahaushen Gadarif na iya yin alkawarin "daƙiƙa biyar" kowa da abin da ya fahimta. Irin wannan tasiri na Larabci a kan Hausar Sudan shi ne Farfesa Al-Amin Abu-Manga na Jami'ar Khartum ya yi nazari a littafin da ya wallafa a 1999. Don kauce wa ruɗani, "sakan" za a yi amfani da shi a nan gaba.

4.0 Jinkirin da Ba a Gani da Ido

Wayar salula ta fara aiki a Sudan a ƙarshen shekarun 1990 ta hannun kamfanin Mobitel, wanda ya koma Zain a 2007. A Nijeriya kuwa a Agustan 2001 ne MTN da Econet suka fara. Cikin 'yan shekaru nesa ta zo kusa. Mai gona a Gadarif ya iya jin halin da riɗinsa ke ciki daga bakin wakilinsa, ɗan'uwa a Kano ya iya yin ta'aziyya ranar da aka yi rasuwa. Mai karatu zai iya cewa to ai magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba, ma'aunin ne ya sauya daga wata da kwana zuwa ɓangarorin sakan.

Jinkirin saƙon zamani daga wurare uku yake fitowa. Na farko tsawon hanya. Haske a cikin zaren gilashi yana cin kimanin kilomita 200,000 a sakan ɗaya, kuma ba wanda ya isa ya ƙara masa sauri yadda zai wuce gudun haske. Da akwai zare miƙaƙƙe daga Kano zuwa Gadarif, zuwa da dawowa ba zai wuce kashi 30 cikin 1,000 na sakan ba. Amma sau da yawa saƙon kan gangara Ikko ne, ya shiga wayar ƙarƙashin teku zuwa Turai, ya biyo Bahar Rum da Bahar Maliya, ya fito a Fot Sudan, tafiyar da ta haura kilomita 12,000. Taswirar zamanin mulkin mallaka ce ta sake dawowa cikin sabuwar riga. Idan kuwa ta tsohon samfurin tauraron ɗan'adam aka bi, wanda ke tsaye a nisan kilomita 35,786 daga doron ƙasa, zuwa da dawowa yakan kai rabin sakan ko fiye. Wannan ne dalilin da a kiran ƙasashen waje na da mutane biyu kan yi ta cin karo da maganar juna.

Na biyu layi. Iskar da ke tsakanin wayar hannu da ƙarfen sabis rijiya ɗaya ce da kowa ke ɗiba. Idan masu ɗiba suka yi yawa, kamar ranar kasuwa ko lokacin da ma'aikata suka cika gonaki da kaka, sai kowane saƙo ya jira. Idan kuma mutum ya yi nisa da ƙarfen, wani ɓangaren saƙon kan lalace a hanya, dole a sake aiko shi. Na uku shi ne lokacin da kwamfuta ke ɗauka tana aikin kanta.

Maganin da masana suka kawo shi ne wanda sarkin zango ya sani. Kamfanin Akamai, wanda aka kafa a Amurka a 1998, ya fara ajiye kwafin shafukan intanet a kwamfutoci da yawa kusa da masu karatu. A 2006 aka kafa mahaɗar intanet ta Nijeriya a Ikko, domin saƙon da ya tashi daga wani kamfanin Nijeriya zuwa wani kada ya je Landan ya dawo. A 2009 Mahadev Satyanarayanan na Jami'ar Carnegie Mellon da abokan aikinsa suka kawo shawarar a girka ƙananan kwamfutoci masu ƙarfi taki ɗaya daga wayar hannu, kuma a 2014 hukumar daidaita ƙa'idojin sadarwa ta Turai ta fara tsara ƙa'idojin yin haka a gindin ƙarafan sabis. Wannan shi ne zangon bayanai. 'Yan kasuwarmu ma ba a bar su a baya ba. Masu tura finafinai da waƙoƙi a waya, waɗanda suka cika kasuwannin Kano a shekarun 2010, sukan sauko da fim sau ɗaya daga nesa, su raba wa mutum ɗari a kusa. Ba su karanta Satyanarayanan ba, tsadar data ce ta koya musu.

Inda aikin ya yi wuya shi ne rabo. Wane aiki waya za ta yi da kanta, wanne za ta miƙa wa zango, wanne kuma sai babbar cibiya? Idan waya ta yi komai, batirinta ya ƙare. Idan kowa ya tura wa zango, ƙaramar kwamfutar ta cika, layi ya dawo. Idan aka yanka babban aiki aka raba wa zanguna da yawa, to ba a gama ba sai wanda ya fi kowa nawa ya gama, kamar yadda ayari ke tafiya da saurin gurgun jakinsa. Don haka masu bincike sukan ba da aikin da ɗan rara, a maimaita wani ɓangare a wurare biyu ko uku, yadda da zarar isassun amsoshi sun iso sai a haɗa sakamako ba tare da jiran na baya ba. Wasiƙa uku a hannun matafiya uku ke nan. Sannan ga mai waya ba ya zama wuri ɗaya, idan motarsa ta bar wannan ƙarfe ta shiga wancan, dole aikinsa ya bi shi.

5.0 Fabrairun 2024

Yawancin rubuce-rubucen da ake yi a kan zangon bayanai suna magana ne a kan motoci masu tuƙa kansu da injunan masana'antu, inda kashi 10 cikin 1,000 na sakan ke da daraja. A ganina, abin da ya faru a Sudan ya nuna wani amfani na tsarin da ya fi wannan nauyi ga wuri irin Simsim.

Wayar salula ba ta magana da maƙwabciyarta kai tsaye. Ko da mutum biyu suna ƙarƙashin ƙarfe ɗaya, sai an tuntuɓi babbar cibiyar kamfani ta tabbatar da layukansu, ta haɗa kiran. A Sudan, har zuwa farkon 2024, manyan cibiyoyin nan a Khartum suke. Yaƙi ya ɓarke tsakanin sojan ƙasar da dakarun RSF a ranar 15 ga Afrilu, 2023, kuma a Disambar wannan shekara Wad Madani ta faɗa hannun RSF, dubban mutane suka kwarara Gadarif. Tsabar kuɗi ta yi wuya, jama'a suka dogara da manhajar Bankak ta Bankin Khartum wajen sayen abinci da karɓar taimako daga 'yan'uwa na waje.

A farkon Fabrairun 2024 layukan MTN da Sudani suka ɗauke, bayan 'yan kwanaki Zain ya bi su. Rahotanni da dama sun ɗora alhakin a kan RSF, wadda a lokacin take riƙe da wuraren da cibiyoyin suke, ɓangarorin biyu kuma suka yi ta zargin juna. Jihar Gadarif tana hannun soja, ƙarafanta suna tsaye, amma ƙarfe ba ya aiki in cibiyarsa ta yi shiru. Mutum yana da kuɗi a asusu, mai shago yana da dawa a gabansa, taki biyu ne tsakaninsu, amma ciniki ya gagara domin kwamfutar da za ta ce "na yarda" tana nisan kilomita 400. Sudan ta ga katsewar intanet a Yunin 2019 da Oktoban 2021, amma waɗancan umarni ne daga hukuma, ana iya janye shi. Wannan karon cibiyar ce kanta ta fita daga hannu, kamar wayar Gordon.

Da tsarin ya ba ƙananan cibiyoyi na jihohi ikon tabbatar da layi da haɗa kiran cikin gida, da riƙe lissafin ƙananan ciniki har hanya ta buɗe, da katsewar ba ta kai haka muni ba. Fasahar yin hakan akwai ta, sai dai tana da tsada. Kowane zango yana bukatar wutar lantarki da mai gadi da mai gyara, kuma banki ba ya son a yanke hukuncin kuɗi a inda idonsa bai kai ba, domin mutum na iya kashe kuɗi ɗaya sau biyu a zanguna biyu kafin su haɗa lissafi. Tsohuwar matsalar Sakkwato da sarakunan tuta ce: gwargwadon ikon da aka miƙa wa na kusa, gwargwadon abin da cibiya za ta daina gani.

Abin da mutane suka yi a aikace shi ne komawa ga ɗan aike mai sauri. Faifan Starlink, waɗanda taurarinsu ke shawagi a nisan kimanin kilomita 550 kawai, sun shigo Sudan ta ƙasashe maƙwabta ba tare da lasisi ba, aka riƙa biyan kuɗi ana hawa na awa ɗaya a kasuwanni, musamman a yankunan da sabis bai dawo ba. Wasu kuma suka koma rubuta wasiƙa suna ba direbobin mota. Kamfanin Sudani ya maido da layinsa a sassa da dama cikin watan na Fabrairu bayan ya girka sabuwar cibiya a Fot Sudan, Zain ya biyo baya a watan Maris. Daga Gadarif zuwa Fot Sudan ya haura kilomita 700 a mota, wato sabuwar cibiyar ta fi tsohuwar nisa da Simsim. A watan Mayun 2025 jirage marasa matuƙa suka kai hari Fot Sudan ɗin ita ma, suka faɗa wa filin jirgin sama da rumbunan mai da tashar wutar lantarki.